Uban Aro a Kogin Nilu

Shafi na 14

Masu kirana a waya tun kafin in karya kumallo, da Hajiyar da ta ce na saka labari a aljihu na zauna a kai, ku yi haƙuri. Yatsan tsoho ne, kuma madannan wayar nan ba don irinmu aka yi su ba. Ga inda muka tsaya.

*

"Baba Harun, yini ɗaya kawai. Yini ɗaya ka zama ubana."

Na ajiye kofin shayi na dube shi. A wani ɗan shagon shayi muke zaune, cikin lungun Darrasa, bayan masallacin Azhar. Sulaimanu ya kasa zama wuri ɗaya. Hannunsa na ta juya cokali a kofin da sukarinsa ya daɗe da narkewa.

Na ce masa ubansa na nan da ransa, yana kwance a masaukinmu na Abbasiya da bandeji a ido ɗaya, ni na rako shi aikin yanar ido. To wane uba kuma yake nema?

Ya ce ai na san halin Baba.

Na sani kuwa. Malam Illiyasu abokina ne tun muna samari muna cin kasuwar Mai'aduwa, shi da shanu, ni da atamfa a ka. Mutumin Matamaye ne, irin mutanen da. Sulaimanu ne ɗansa na fari, kuma sunan mahaifinsa ya sa masa. Kunya biyu ke nan a kan yaro ɗaya. Tun ranar suna har yau da yaron ya tara gemu ya gama karatu a Azhar, bakin Malam bai taɓa furta sunan nan ba. "Yaron nan." "Wancan." In ya ji daɗinsa ƙwarai, "mai sunan Malam." Ba ya cin abinci da shi, ba ya hawa tabarma ɗaya da shi, in suka haɗa ido shi ke fara kau da kai.

A wurinmu wannan ba abin magana ba ne. Kowa ya san me ke ƙarƙashinsa.

To amma nan Misra ce. A nan da sunan ɗan fari ake kiran mutum. Usta Isam, uban yarinyar da Sulaimanu ke so, ba mai ce masa Isam a unguwarsu, sai Abu Hussain, matarsa Ummu Hussain. Za ka ga mutum ya rungume ƙaton ɗansa a tsakiyar titi yana sumbatar kumatunsa. Neman aure kuwa uba ne ke zuwa da ƙafarsa, ya buɗe baki ya ce ina nema wa ɗana wane 'yarka wance. Mu a wurinmu uba ba ya zuwa. Ƙani yake turawa, ko aboki.

Sulaimanu ya ce in Usta Isam ya ga uban da ba ya kallon ɗansa, ba ya kiran sunansa, zai ɗauka tsine masa aka yi a gida. Ba zai ba shi 'yarsa Rawan ba. Dabararsa kuwa mai sauƙi ce. Malam ya riga ya yarda ni ne wakili. A wurin Malam ina nan a wakili, a wurin Misrawa ni ne uba. Malam ba ya jin Larabci, su ba sa jin Hausa, fassara tana hannunmu.

"Shi Malam wa ka ce musu ne?"

"Baffana."

"Ka riga ka faɗa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Wato ka yanka ragon, sannan ka zo tambayata ko ya halatta."

Sai na tambaye shi abin da duk ɗan kasuwa zai tambaya. Ni fa?

Yaron ya yi zaman Alƙahira, ya iya. Ya ce ya san shekara da shekaru ina sayen abaya da jallabiyar ɗinkin Usta Isam ta hannun dillalan kasuwar Ataba, ina neman ƙofar ma'aikatarsa ban samu ba. In auren nan ya yiwu, da kansa zai kama hannuna ya shigar da ni, ba dillali a tsakani.

Na kafa masa sharaɗi biyu. Ba zan rantse ba, in aka kawo Alƙur'ani na fita. Sannan da zarar an karanta Fatihar baiko shi zai nemi hanyar faɗa musu gaskiya kafin ɗaurin aure.

"Tamam," ya ce.

Muka tafa.

*

Usta Isam yana da wata ɗabi'a da duk Ataba ta sani. Ba ya ƙulla babbar magana a ɗaki. A kan ruwa yake yi, cikin faluka, jirgin nan nasu na katako mai doguwar tuta da iska ke turawa. Wai a ɗaki mutum na iya fushi ya bugi ƙofa ya fita, a tsakiyar Nilu kuwa dole ya zauna a gama. Kuma ya aiko cewa har da baffa marar lafiya a zo, iskar kogi magani ce.

Malam ya ce ba inda za shi. Ina shi ina wurin neman auren yaron nan? Na bi ta nan ya toshe, na bi ta can ya toshe. Daga ƙarshe na ce:

"Malam, ka zo har Misra, ka koma Matamaye a tambaye ka kogin da aka saka Annabi Musa a akwati, ka ce ba ka gani ba? Ga sabon ido an yi maka?"

Ya ci gaba da jan carbi.

"Zan zauna a can ƙarshe. Kada kowa ya sa ni a magana."

Bayan la'asar muka sauka daga tasi a bakin kogi, kusa da gadar nan mai gumakan zakuna. Zafi, hon ɗin motoci, masu tallan gasasshiyar masara. Na sa babbar rigata ta shadda da hular da nake ajiyewa don sallah.

Usta Isam gajere ne, mai tumbi da gashin baki, muryarsa kamar yana kiran wani a tsallake. Tun daga nesa ya buɗe hannuwa.

"Ahlan, ya Abu Sulaiman."

Ya rungume ni, ya sumbaci nan ya sumbaci nan. Ta saman kafaɗarsa na hango Malam. Carbin hannunsa ya tsaya cak, sannan ya ci gaba.

Ummu Hussain na biye da shi da tukwane a ƙunshe cikin tawul. Ba ta da yawan magana, ido ne da ita. Irin matan da ke kallon takalminka kafin fuskarka. A bayanta Rawan, doguwa, cikin hijabi ruwan toka. Ta gaishe ni da Larabci. Ta wuce wurin Malam ta ɗan rusuna.

"Sannu da zuwa, Baba."

Da Hausa. Muka yi dariya, na ce a raina yaron ya koya mata gaisuwa ɗaya don ta burge mu. Ban ƙara tunanin abin ba, kuma a nan na yi wauta.

Mai jirgi ya saki igiya. Malam ya wuce can ƙarshe ya juya mana rabin baya yana kallon ruwa.

Da farko komai ya tafi daidai. Larabcina na kasuwa ne, amma yana kai ni inda nake so. Na yabi Sulaimanu, na yabi Misra, na yabi gashin bakin Usta. Na ce tun yaron na goye na san malami zai zama. Usta ya ce in rungume ɗana mana, ko mu a ƙasarmu ba a yi? Na rungume shi. Jikinsa ya yi tauri kamar icen girki.

Sai Malam ya kira ni ba tare da ya juyo ba.

"Alhaji, me mutumin nan yake ta kiranka?"

"Haka suke ce wa duk wanda ya zo neman aure, Malam."

"To."

Wannan "to" ɗin bai kwanta mini ba.

Ummu Hussain ta buɗe tukwane. Ganyen kabeji da aka naɗe shinkafa a ciki, kaji, gurasa. Ta zuba a faranti ɗaya babba ta ce kowa ya matso. Malam ya ce Alhamdulillahi. Ta ƙara kira, ya ƙara cewa Alhamdulillahi. Yaya za a yi ya sa hannu a farantin da ɗan farinsa ke ci? A Misra kuwa ƙin abincin mace zagi ne. Na yi maza na ce likita ne ya hana shi cin komai sai bayan magariba.

Usta ya rage murya ya tambaye ni ko baffan nan da yaron suna 'yar tsama ne, don tun da muka shigo bai kalle shi ba. Na ce ido ne, an hana shi juya wuya.

"To tambaye shi, shi da yake baffansa, me zai ce a kan halin yaron?"

Na juya na faɗa wa Malam.

"Ce masa ban san shi da sata ba."

Wanda ya san Malam ya san wannan kirari ne. Amma ina zan kai wa Bamisre wannan? Na ce wa Usta, baffa ya ce tun daga Nijar har Nijeriya ba a haifi yaro kamar wannan ba, zinariya ce a cikin mutane.

Usta ya tafa hannu. Rawan ta rufe baki da gefen hijabi, kafaɗunta na motsi. Ummu Hussain kuwa ta dubi bakin Malam, ta dubi nawa, kamar mai auna yadi. Kalma shida ta shiga, kalma ashirin ta fito.

*

Muna tsakiyar kogi, rana ta sunkuya bayan dogayen otal-otal na tsallake. Usta ya goge hannu ya gyara zama. Lokacin magana ya yi. Sulaimanu ya miƙe don ya karɓo butar shayi daga wurin mai jirgi, ya taka kan dakalin gefe.

Sai ga wani jirgin inji, irin mai fitilu da kiɗan biki, ya wuce mu a guje.

Igiyar ruwan ta daki falukarmu a ciki. Tukwane suka kife. Tutar jirgin ta juyo da ƙarfi, iska ta ɗaga hulata.

Ni dai ban san lokacin da na yi ba. Hannu biyu na sa na cafke hular.

Da na ɗago, ƙafar Sulaimanu ɗaya tana waje, a kan ruwa. Abin da ya hana shi tafiya hannun Malam ne. Tsohon da ke can ƙarshen jirgi, mai ido ɗaya a rufe, wanda likita ya ce ko buta kada ya ɗauka. Ban ga tasowarsa ba. Ya damƙi yaron a ƙugu ya fizgo shi, suka zube tare a cikin jirgi, kan yaron a ƙirjinsa. Ya riƙe shi. Ya riƙe shi fiye da yadda ake buƙata, hannunsa na shafa bayan kansa kamar mai duba ko ya fashe.

Sannan ya tuna. Ya sake shi kamar ya taɓa garwashi, ya koma wurinsa ya juya baya. Gefen bandejin ya ɓalle yana lilo.

Ni ina tsaye da hula a hannu biyu.

Ummu Hussain ce ta fara magana, a hankali, ba da ni take ba, da mijinta take.

"Abu Hussain, tambaye su wanne ne uban."

Na fara cewa ai baffa ma uba ne a wurinmu. Ta ɗaga mini hannu.

"Ya Hajj, ni uwa ce. Wanda ya haifa ba ya kama hula."

Fuskar Usta ta canja launi. Ya juya kan Sulaimanu ya tambaye shi sau ɗaya. Yaron bai iya ƙarya biyu a yini ɗaya ba. Ya nuna Malam da ka.

Abin da Usta ya zazzage mana ba zan iya rubuta shi duka ba. Ya ce ya buɗe mana gidansa mun kawo masa wasan kwaikwayo. Ya ce ya sumbaci ɗan haya a kumatu biyu a gaban matarsa. Ya ce ni, in ya ƙara ganin ƙafata kusa da ma'aikatarsa, da almakashi zai bi ni. Na bar shi ya sauke, don mai fushi ba a katse shi a tsakiya. Da ya tsaya shan iska na shiga yi masa bayanin kunyar ɗan fari. Na ce a wurinmu wanda aka fi so shi ake ɓoyewa. Na ce sunan mahaifinsa ne a kan yaron.

Ya ce wannan ba al'ada ba ce, ciwo ne. Annabawa ma sun kira 'ya'yansu da suna. Gobe in 'yarsa ta haihu, haka za a koya wa mijinta ya riƙa kallon bango in ɗansa ya shigo?

Ya juya wurin mai jirgi.

"Koma da mu bakin ruwa."

Sannan ya nuna Malam da yatsa.

"Ka faɗa masa. Ina so in ji daga bakinsa, wannan ɗana ne, sunansa wane, ina nema masa 'yarka. In jirgin nan ya taɓa ƙasa ban ji ba, khalas, magana ta ƙare."

Jirgi ya juya. Iskar da ta yi ta yi mana rowa tun ɗazu, yanzu ta cika tutar fam.

Sulaimanu ya durƙusa gaban Usta yana roƙo, ya ce laifinsa ne, kada a tilasta wa tsoho abin da bai taɓa yi ba. Usta ko kallonsa bai yi ba. Rawan ta ƙura wa tafin hannunta ido. Na matsa wurin Malam ina shirya yadda zan lulluɓe maganar.

"Alhaji," ya ce, "wannan karon yadda ya faɗa za ka faɗa mini. Kada ka sa mata sukari."

Na dube shi da mamaki.

"Shanu nake sayarwa, Alhaji. Na yi ciniki da Buzu, na yi da Bayarabe, na yi da mutanen da ko gaisuwarsu ban iya ba. Fuska nake karantawa. Tun a bakin ruwa na ji an liƙa maka sunan da ba naka ba."

"To me ya hana ka magana?"

"Ina so in ga iyakar gudunku."

Na faɗa masa, kalma da kalma. Ya saurara. Ya dubi bakin ruwa. Har an fara gane mutanen da ke jingine da ƙarfen gefen titi.

Ya manna bandejinsa da yatsa, ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci Usta. Karo na farko ke nan tun da muka shigo.

"Tambaye shi. In na yi masa al'adarsa, zai yi mini tawa?"

Na fassara. Usta yana cikin zafi, ga matarsa, ga mai jirgi na kallo. Ya daki ƙirji ya ce a kan kansa da idonsa, shi ba ya magana biyu, in tsohon ya faɗa to duk al'adar da ya kawo an yi.

Bai tambayi wace al'ada ba. Ni da na yi shekaru a kasuwa na ji ƙanshin abin tun daga nan, amma wanda aka kama da hula a hannu ba shi da bakin gargaɗi.

Malam ya ajiye carbi a cinya.

"Wannan ɗana ne."

Na fassara. Usta ya ce saura suna.

Bakin Malam ya motsa, ba abin da ya fito. Ana jin hon ɗin motoci sosai yanzu, mai jirgi ya fara naɗe igiya a hannu.

"Sunan mahaifina ne," ya ce, kamar da kansa yake. "Har ya koma ga Allah ban taɓa faɗa ba."

Wannan ban fassara ba. Ba nasu ba ne.

Ya ja numfashi.

"Sulaimanu."

A hankali ya fito, kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya. Ba kiransa ya yi ba, Usta yake gaya wa. Amma yaron da ke durƙushe ya ɗago kai da sauri.

"Na'am, Baba."

Sai ya zauna daɓas a cikin ruwan da ya taru a ƙasan jirgi, ya kifa fuska a gwiwa. Ƙato da gemunsa.

Malam ya ƙarasa, ya ce yana nema masa 'yar Usta, Rawan. Sannan ya dubi yaron, ido cikin ido, da idon nan ɗaya.

"Sulaimanu, tashi. Kana jiƙa wandonka."

Ummu Hussain da kanta ta share ido. Usta kuwa, Bamisre ne, fushinsa da kukansa maƙwabta ne. Ya faɗa kan Malam ya rungume shi yana ya Abu Sulaiman, ya Abu Sulaiman. Malam ya sandare ya jure. Aka haɗa hannu aka karanta Fatiha a gurguje, ana shafawa ƙasan jirgi na gogar yashi.

Usta ya ce, yana dariya, to yanzu mece ce al'adar tasu? Rawa ce? Goro ne? A kawo.

Malam ya ɗauki carbinsa.

"Ce masa a wurinmu amarya ake kaiwa gidan miji. Gidan miji kuwa yana Matamaye. Na gina masa ɗaki tun shekarar da ya taho, uwarsa Kulu ke share shi. Karatu ya ƙare. Su zo gida."

Sulaimanu ya ɗago a firgice. Ni na san, kuma Malam ma ashe ya sani, yaron ya riga ya kama gida a Abbasiya, bai da niyyar komawa.

Na fassara. Wannan karon ban ƙara ko wasali ba.

Ummu Hussain ta tambayi ina ne Matamaye, akwai jirgin ƙasa daga tashar Ramsis? Da na kwatanta mata, jirgin sama, sannan wani jirgin ko doguwar mota, sannan wata motar, sai ta dafa ƙirji ta kira sunan Allah. Ta ce 'yarta ko Iskandariyya ba ta taɓa kwana ba tare da ita ba. Ta juya kan mijinta. Usta ya buɗe baki zai ce a'a, sai ya haɗa ido da mai jirgi, wanda ya ji shi yana dukan ƙirji. Ya rufe bakin.

Jirgi ya daki matakala.

Usta ya fita da sauri ba sallama. Matarsa ta bi shi tana faɗa, tukunya a hammata. Sulaimanu ya bi su yana kiran Usta ya Ammi, ya Ammi, wato baffa. Ni ma na haye, don in ga ko akwai abin da za a iya ɗinkewa. Na juyo zan miƙa wa Malam hannu.

Rawan ba ta tashi ba. Tana zaune tsakanin Malam da hanyar fita.

Ta dube ni, ta yi magana da Hausa. Hausa mai ɗan karkata, amma Hausa.

"Baba Harun, ban san shi da sata ba ya ce. Babu zinariya."

Ashe tun tana yarinya take zama a shagon ubanta, 'yan kasuwarmu na shiga suna fita, sauran kuma Sulaimanu ya cike mata.

Ta juya wurin Malam.

"Baba, ka yi ciniki da babana. Ba ka yi da ni ba. Zauna."

Malam ya ja gefen rawani ya rufe fuska. Kunyar ɗan fari wasa ce a kan kunyar suruka. Mutumin da ya dace a ce ko hanya ba su haɗa ba, ga ta gaba da gaba tana ce masa zauna. Ya laluba da ƙafa yana neman matakala.

Ta ɗaga kai ta ce wa mai jirgi, "Yalla."

Mai jirgi ya sa sanda ya tura.

Ina tsaye a kan matakala ina kallon ruwa na buɗewa tsakanina da su, sai na yi lissafin yinin kamar yadda na saba in an tashi kasuwa. Usta Isam ya samu sunan da ya nema, ya sa 'yarsa a bakin ƙofa. Ummu Hussain ta kama ɓarawo, kamun ya zame mata tsada. Sulaimanu ya ji abin da bai taɓa ji ba tun haihuwarsa, har sau biyu, shi ko auren ya watse ya ci riba. Ni na rasa ƙofar da na yi shekaru ina nema, na tsira da hula.

Malam Illiyasu kuwa, har zuwa lokacin da jirgi ya daki matakala shi ne ya cinye kasuwar gaba ɗaya.

Yanzu ga shi can a tsakiyar Nilu, fuska a rufe, ba tafinta, ba hanyar fita. Yarinyar ta gyara zama, ta ɗaga yatsa ɗaya ta fara lissafa masa nata sharuɗɗan.